Kallon wasan rok a waya da tsayuwa a filin, wai duk ɗaya ne?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, musamman ga yayyenmu da ke waje. Kwanakin nan na maƙale wa bidiyon wasan da mawaƙan rok na AC/DC suka yi a filin ƙwallon River Plate na Ajantina a Disambar 2009, datata duk a kansa take ƙarewa. Wannan tsallen da dubban mutane suke yi lokaci guda, haka yake da gaske ko aikin kyamara ne? Ni dai a ganina wanda ya sa iyafis mai kyau ya kwanta a ɗakinsa ya fi morewa a kan wanda ya zuba kuɗi ya je ya tsaya can baya, ko fuskar mai jitar ba ya gani.

Mai Kyamara: Wa alaikumus salam. Duka biyun ne, ƙanena. Dare uku suka yi a filin nan, kyamara 32 aka kafa, sannan aka zauna aka tsince inda ya fi daɗi aka ɗinke. Sautin da ke shiga kunnenka kuma ba shi mutanen filin suka ji ba. Daga na'urar haɗa sauti aka ɗauko shi, kowane kayan kiɗa da layinsa, aka koma situdiyo aka daidaita, aka ɗaga ihun jama'a a inda ake so tsigar jikinka ta tashi. Sana'ata ce, ko bikin da mutum talatin suka halarta in na ga dama sai na cika maka shi a bidiyo. Amma tsallen nan na 'yan Ajantina ba a ƙirƙira shi. Ko nawa za ka biya ba za ka sa mutanen da suka cika filin ƙwallo su tashi sama a bugu ɗaya ba, sai in abin ya taɓa su.

Baban Iman: Ɗan Fagge, ka yi haƙuri, amma maganar ɗaki da iyafis ka ajiye ta. Ina zaune a Lesta ta Ingila, Donington ba nisa daga nan, kuma nakan je bikin kiɗan rok na Download da ake yi a can duk watan Yuni. Filin tseren motoci ne, kusa da filin jirgin sama, kana tsaye jirage na wucewa ta saman kanka. Abin da waya ba za ta taɓa ba ka ba shi ne wannan: kiɗan ba ta kunne yake fara shiga ba, ta ƙirji ne. Idan mai ganga ya taka babbar gangar nan ta ƙafa, rigarka sai ta motsa. Ka taɓa tsayawa kusa da 'yan bindiga ranar hawan sallah, aka saki harbi ka ji shi a haƙarƙarinka? To haka, sai dai wannan ba ya tsayawa har awa biyu. Ga warin ciyawar da aka tattake, ga hayaƙin soye-soye, ga zafin wutar da suke hurawa daga dandamali, kana can nesa amma sai ka ji ta a goshinka.

Batun ba ka ganin fuska kuwa, akwai manyan allunan talabijin gefe da gefe. Amma gaskiya ni ba fuskar nake zuwa kallo ba. Mutanen nake zuwa wa. Ka ga dattijo mai furfura da jikarsa a wuya an toshe mata kunne, kusa da shi wani ya yi shigar ayaba, kowa ya haddace baitin, su rera tare har su danne lasifika.

Ɗan Fagge: Yaya, to kuɗin fa? Kada ka ɓoye mana.

Baban Iman: Da ciwo. Tikiti, tanti, abinci a ciki mai tsadar tsiya, ga ranakun aiki da ka rasa. Tun hunturu nake fara tarawa, kuma Maman Iman ba ta taɓa barin maganar ta wuce shiru ba.

Malam Na-Zariya: Ni tun ɗazu ina karantawa na yi shiru ne. Baban Iman, da girmanka da iyalinka? Wurin da giya ke gudana, maza da mata a cakuɗe, ana ɗaga yatsu biyu alamar ƙahon shaiɗan. Ba faɗa nake ba, tambaya ce: me Musulmi yake nema a can? Kuma yara na cikin zauren nan suna karantawa.

'Yar Hambug: Malam, barka da warhaka. Maganar giya ba wanda zai musa maka. A Wacken, wani ƙauye a arewacin Jamus da ba shi da nisa sosai da inda nake karatu, har bututu suka binne a ƙasa yana kai giya filin bikin kiɗan rok da ake yi a can. Ƙauye ne na mutum wajen 2,000, tun 1990 ake bikin, yanzu tikiti 85,000 suke sayarwa, kuma ƙungiyar busa ta 'yan kwana-kwanan ƙauyen ma tana hawa dandamali. Don haka ba zan ce maka wurin wa'azi ba ne.

Amma yatsun nan a gyara. Wanda ya yaɗa alamar, mawaƙi Ronnie James Dio, ya sha faɗin cewa wurin kakarsa 'yar Italiya ya gani, tana yi ne don kare kai daga mugun ido. Camfi ne na tsofaffinsu, za ka iya ƙin sa a matsayin camfi, amma ba bautar Iblis ba ce. Yawancin masu ɗagawa yau ba su ma san wannan ba, tafi ne kawai a wurinsu. Sannan akwai 'yan mata uku daga Garut a Indonesiya, Voice of Baceprot, da hijabinsu suke hawa dandamali. A makarantar Islamiyya suka haɗu. Sun yi wasa a Wacken a 2022, sun yi a bikin Glastonbury na Ingila a 2024. Mawaƙan Metallica na Amurka ma sun yi wasa a Riyad a Disambar 2023.

Malam Na-Zariya: 'Yata, na karɓi bayanin yatsu, na gode. Amma aikin mutane ba ya zama hujja. Don an yi a Riyad ba shi ne ya halatta ba, hukumar nishaɗi ba majalisar malamai ba ce. Saɓanin malamai a kan kiɗa sananne ne, ban zo in rufe shi a nan ba. Abin da ba saɓani a kansa shi ne salla. Kwana uku a fili, ina alwala, ina alƙibla?

Baban Iman: Wannan tambayar ita ce ta gaskiya, Malam, kuma ita ta fi ba ni wahala. A Yuni rana ba ta faɗuwa a Ingila sai bayan tara na dare, daidai lokacin da babbar ƙungiya take kan dandamali. Azahar da la'asar ba matsala, ina komawa tanti. Magariba ce ke cin karo. Nakan fita da gorar ruwana in nemi gefen shinge in shimfiɗa rigar ruwa. Akwai ranar da na sallame na ga wani ƙato, zane tun daga wuya har yatsu, ya tsaya a gabana da ɗan tazara yana karkatar da masu wucewa. Ban roƙe shi ba, ko sunansa ban sani ba. Ya ɗaga min kai ya yi gaba. Ban kawo wannan don in ce wurin ya zama halal ba. Giya ba na sha, kuma in wuri ya fara lalacewa ina matsawa. Sauran kuma ina neman gafarar Allah kamar kowa.

Malam Na-Zariya: Allah ya shirye mu baki ɗaya. Ra'ayina bai canza ba, amma na ji daɗi da ba ka yi min kwana-kwana ba.

Anti Nas: Ku bar ni in shigo ta ɓangarena, don duk kun tsallake abin da ya fi damuna. Kunne. Ma'aunin da masu kula da lafiyar ma'aikata ke amfani da shi: ƙara mai ƙarfin desibel 85, awa takwas ne iyakarta a rana. Duk ƙarin 3, lokacin ya rabu biyu. Ku lissafa, a 100 minti 15 ya rage. Irin waɗannan wasannin kuwa suna kai 100 har su wuce. Ƙananan gasun da ke cikin kunne masu ɗaukar sauti in sun mutu ba sa sake tsirowa. Wannan ƙarar "wiii" da mutum ke ji bayan ya dawo gida, kunne ne ke kuka. Shi kansa mawaƙin AC/DC ɗin da kake kallo, Brian Johnson, a 2016 likitoci suka ce ya dakata ko ya kurmance gaba ɗaya, sai Axl Rose, mawaƙin ƙungiyar Guns N' Roses, ya ƙarasa musu rangadin. Kai ma Ɗan Fagge ba ka tsira ba, iyafis a ƙure har asuba duk kanwar ja ce.

Baban Iman: Anti, abin toshe kunne yana aljihuna kullum. Akwai na mawaƙa mai ɗan tace a ciki, yana rage ƙarfi ba ya dusashe kiɗan. Sai dai a yi wa Brian adalci, shi ya ce tseren mota ba tare da toshe kunne ba ne ya fara yi masa illa.

Anti Nas: Ko ma mene ne, ƙara ce. Na biyu turmutsutsu. A wannan Donington ɗin naka, a 1988, lokacin ana kiran bikin Monsters of Rock, matasa biyu suka mutu a gaban dandamali Guns N' Roses na wasa, ƙasa ta yi taɓo mutane suka zame aka danne su. Shekarar da ta biyo ba a yi bikin ba. A Roskilde ta Denmak, shekarar 2000, mutum tara. A Cincinnati ta Amurka, 1979, mutum 11 tun a bakin ƙofa, saboda tikitin ba shi da lambar kujera, wanda ya riga shiga shi ke gaba. Kuma mutane su sani, a irin wannan ba tattakewa ce ke yawan kisa ba, matsewa ce. Kana tsaye a kan ƙafarka ƙirji ya kasa buɗewa.

Kawu Na-Ikko: Ƙara da gobarar Rhode Island a 2003. Ƙaramin gidan rawa ne, aka kunna tartsatsin wuta don ado, soson da aka manna a bango don tare ƙara ya kama. Mutum 100. Ni ko ɗakin taron biki na shiga, ƙofar fita nake fara dubawa.

'Yar Hambug: Gaskiya ne, amma abubuwa sun sauya saboda waɗannan mutuwar. Yanzu ana yanka gaban dandamali da shingayen ƙarfe, kashi kashi, don kada nauyin mutanen baya duka ya sauka a kan na gaba. Ma'aikata na tsaye a bayan shinge suna miƙa ruwa, suna zaro wanda ya galabaita. A 2023 da ruwan sama ya mayar da Wacken kogin laka, dakatar da shiga aka yi, dubban masu tikiti suka juya gida. An yi ta ƙorafi, amma ni na ga daidai ne.

Baban Iman: Kuma da'irar nan da ake buɗewa a tsakiya ana bangazar juna, wadda a bidiyo take kama da faɗa, tana da doka: wanda ya faɗi a ɗaga shi nan take. Takalmi ko waya ta faɗi, sai ka ga wani ya ɗaga ta sama har mai ita ya gani. Ni dai gwiwata ta wuce wannan, daga gefe nake kallo.

Ɗan Agadas: Sai yanzu na samu sabis. Na karanta tun daga sama ina dariya. Kuna ta Ingila da Jamus, alhali abin yana bayan gidanku. Ku zo Agadas lokacin bukukuwan aure. A share fili, a shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareto, a jingina amfilifaya a kan kujera. Masu jita uku da mai ganga, da rawunansu. Lasifikar ta tsufa tana tsatsa, kuma wannan tsatsar ita ce daɗin. Samari su shigo fili biyu biyu, ƙura ta tashi har fitila ta dusashe, mata na guɗa. Ba tikiti, ba shinge.

Daga irin wannan fili mai jita Mdou Moctar na Nijar ya fito. Jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa, da katako da wayar birkin keke, don gidansu ba sa son kiɗa. Kuma ku 'yan Najeriya ku ji: faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinanku. Ta katin waya da bulutut waƙoƙin suka zaga Sahel kafin wani Bature ya ji. Yau shi ne ke zaga Amurka da Turai, juyin mulkin Yulin 2023 ma a Amurka ya riske su suna rangadi, suka maƙale a can. Ga Bombino, shi ma mai jita ɗan Nijar, wanda aka sa cikin 'yan takarar lambar yabon kiɗa ta Grammy a 2019.

Ɗan Fagge: Amma wannan ai kiɗan Buzaye ne, ba rok ba.

Ɗan Agadas: Je ka saurari wasansa na fili ka dawo. Asalin kiɗan namu ne, ba musu, daga takamba da tende da waƙoƙin 'yan gudun hijira. Amma saurin gangar da yadda jitar ke kururuwa minti bakwai ba numfashi, in ba ka kira shi rok ba me za ka kira shi? Shi da kansa ya ce daga baya ne aka nuna masa bidiyon shahararren mai jitar rok Eddie Van Halen, ya ga yadda yake buga wuyan jita da yatsu, ya ɗauka ya juya shi irin nasa.

Baban Iman: Na ga Mdou Moctar a wani ƙaramin zaure a nan, mutum 'yan ɗari. Na rantse kunnena ya fi shan wuya a ranar fiye da filin Donington. Bahago ne, kamar Tony Iommi, mai jitar ƙungiyar Black Sabbath. Shi Iommi injin masana'antar ƙarfe ne a Birmingham ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Ya narka robar kwalba ya yi musu hula, ya koma siraran tsirkiya, daga baya ya sassauta su don rage zafi, sai sautin ya yi ƙasa ya yi nauyi. Nauyin da ake ta yabo a wannan kiɗa, wani ɓangarensa daga haɗarin wurin aiki ya samo asali.

Kawu Na-Ikko: Ku yaran nan kun ɗauka da intanet aka fara. Farkon shekarun 1970 Ikko cike take da masu jitar lantarki. Ofege 'yan makarantar sakandare ne, St Gregory's, suka fitar da faifai a 1973 gari ya ɗauka. Ga ƙungiyar BLO. Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream ta Ingila, tattarowa ya yi ya zo ya zauna a Ikko, har ya yi faifai da Fela. Mu 'yan Arewa da ke aiki a can muna leƙawa, mu dawo gida da faifan garmaho a ƙasan akwati kada Baba ya gani. Disko ne ya zo ya share komai.

Mai Kyamara: Kawu ya tuna min. Zamaninku kunne ne ke hukunci. Da tashar bidiyon waƙoƙi ta MTV ta buɗe a Agustan 1981 sai ido ya karɓe. Ƙungiyar da ba ta da kyan gashi da matsattsen wando ta shiga uku, ko da ta fi kowa iya kiɗa. Ku ɗauki bidiyon waƙar November Rain ta Guns N' Roses na 1992, minti tara, an kashe masa sama da dala miliyan ɗaya. Wurin da kowa ke so shi ne inda mai jitarsu Slash ya fito daga wani ɗan coci a tsakiyar fili, jirgi mai saukar ungulu na zagaya shi. Ku duba da kyau, ina lasifika, ina wutar da jitar za ta sha a wannan dajin? Babu. Kwaikwayo yake a kan sautin da aka riga aka naɗa. A matsayina na mai sana'a ina cire masa hula, ya haura kallo biliyan ɗaya a YouTube tun 2018. Amma fim ne. Bidiyon wasan fili ko an gyara shi, aƙalla an yi gumin.

'Yar Hambug: Ni abin da ke ƙona min rai yanzu wayoyi ne. Ka biya kuɗi, ka sha laka, sai na gabanka ya ɗaga waya tun farko har ƙarshe, ka koma kallon wasan ta cikin gilashinsa. Kuma bidiyon da ba zai sake buɗewa ba.

Ɗan Fagge: Anti 'Yar Hambug, a yi mana afuwa. Wannan mai ɗaga wayar shi ne gatanmu. Ba don shi ba ina za mu gani? Ku kuna da biza.

'Yar Hambug: Ka kama ni a nan. To ya ɗauki waƙa ɗaya ya sauke hannu, mu raba.

Baban Iman: Ɗan Fagge yana da gaskiya ta wani gefen. Wasan bankwana na Black Sabbath, 5 ga Yulin 2025 a Villa Park, unguwar Aston inda suka tashi, tikiti ya ƙare kafin layi ya zo kaina. A falo na kalla ta intanet kamar kowa. Mawaƙinsu Ozzy Osbourne a zaune ya yi waƙa a kan kujera saboda cutar Parkinson, su huɗun asali suka haɗu. Ranar 22 ga watan ya rasu. Wanda bai shiga filin ba, abin da kyamara ta kama shi ne rabonsa, ni ma ciki. Amma da an ba ni zaɓi a ranar, ko a layin ƙarshe ne bayan ginshiƙi zan tsaya.

Ɗan Fagge: To ni Ingila ta yi min nisa. Ɗan Agadas, daga Kano ta ina ake bi?

Ɗan Agadas: Ta Daura ka shiga Damagaram, daga nan motar Agadas ta Tanut. Amma kada ka taso sai ka tambayi halin iyaka da na hanya a satin, abubuwa na canzawa. Ka bari damina ta wuce, in an sa ranar wani biki a danginmu zan yi maka magana ta akwatin sirri. Ka zo da rawani saboda ƙura.

Anti Nas: Da abin toshe kunne. Kantin magani za ka tambaya, na soso ma ya isa, ka murza shi ya sirance kafin ka tura, ka riƙe har ya kumbura a ciki.

Malam Na-Zariya: Kuma ka nemi izinin mahaifiyarka tukuna.

Ɗan Fagge: Malam, wannan ai ya fi biza wuya.